Za mu ɗauki masanin halayyar ɗalibai a makarantarmu ta Aboabo: mene ne aikinsa, wace takarda za mu duba?

Ɗan Kwamiti, Aboabo

Assalamu alaikum jama'a. Makarantarmu mai zaman kanta ce a Aboabo, nan Kumasi, boko da Arabiyya a haɗe, daga KG zuwa JHS 3, yara kimanin 600. A taron iyaye da malamai da ya wuce kuka biyu aka yi ta yi. Na farko, yaran da suka kai aji huɗu har aji biyar ba su iya karanta jimla ɗaya ta Turanci. Na biyu, malamai sun ce tun da aka ajiye bulala akwai yaran da sun rasa yadda za su yi da su. Wata uwa ta ce a Ingila da Amurka kowace makaranta tana da masanin halayyar ɗan Adam da ke duba irin waɗannan yara, kwamiti kuma ya yarda mu nemi namu.

Mutum biyu sun kawo takardu. Ɗaya saurayi ne, yana da digiri na farko a ilimin halayyar ɗan Adam daga Legon, ya gama bautar ƙasa. Ɗayar malamar aji ce da ta daɗe tana koyarwa, ta yi digiri na biyu a fannin ba da shawara ga ɗalibai a Cape Coast. Ga kuma wani da ya zo da kwamfuta, ya ce zai auna basirar yaran duka 600 cikin sati ɗaya, a biya shi kan kowane yaro.

Don Allah waɗanda suka san harkar su taimaka. Mene ne ainihin aikin wannan mutum a makaranta, wace takarda doka ta ce ya riƙe, kuma cikin ukun nan wa za mu ɗauka?

Malama ta Asawase

Wa alaikumus salam Alhaji. A fara raba aiki tukuna, domin mutum uku ake cuɗawa wuri ɗaya. Likitan ƙwaƙwalwa likita ne, shi ke rubuta magani, kuma a asibiti za ka same shi, kamar sashensu na Komfo Anokye. Jami'in ba da shawara shi ke zama da ɗalibi kan zaɓen sakandare da kwas, damuwar gida, rigima da abokai, al'amuran balaga. Masanin halayyar ɗalibai kuwa tushen aikinsa bincike ne: me ya hana wannan yaron koyo, ko me ke sa shi yin abin da yake yi, sannan me malamin aji da iyaye za su canja. Ba ya ba da magani. Kuma yawancin lokacinsa da manya yake ƙarewa, malamai da iyaye, ba rufe ƙofa da yaro ba.

Binciken yana da tsari, kuma a tsallake tsarin ne ake ɓata yara.

Malamin aji ke fara rubuta koke, kuma a hana shi rubuta "daƙiƙi ne" ko "ba ya jin magana". Ya rubuta abin da ido ya gani: yana tashi daga kujera sau nawa a darasi ɗaya, haruffa nawa ya sani cikin 26, tun yaushe. Daga nan a kira iyaye, a nemi yardarsu a rubuce, a ɗauki tarihi. Yadda ciki da haihuwa suka kasance, ko ya yi ciwon shawara mai tsanani yana jariri, ko ya taɓa yin sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro mai sa jijjiga, yaushe ya fara tafiya da magana, wane harshe ake yi a gida, makaranta nawa ya canja. A tambayi sikila kai tsaye. Kimanin 2 cikin 100 na jariran da ake haifa a Ghana suna da ita, a nan Kumasi ma aka fara gwajin jarirai a 1995, kuma tana iya toshe ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa ba tare da an ga shanyewar jiki ba, sai dai a ga yaro yana ja da baya a karatu. A tambayi kwalli ma, domin an sha samun gubar dalma a cikin wasu nau'o'insa da ake sayarwa a kasuwanninmu, dalma kuwa tana dakushe basirar yaro. A buɗe rajistar zuwa makaranta: wanda ya yi fashin kwana 20 cikin zangon karatu ɗaya ba a fara zargin ƙwaƙwalwarsa. A lissafa barcinsa. Ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar awa 9 zuwa 12, yaronmu kuwa ya tashi da asuba, ya je boko, ya dawo ya yi talla ko aike, ya je karatun dare, ya kwanta sha ɗaya. Wannan in yana gyangyaɗi a aji ba cuta ba ce.

Sai ido da kunne, kafin kowane gwajin basira. Gwajin ido ba ya cin kuɗi: allon Snellen, yaro ya tsaya nesa da mita 6, a rufe ido ɗaya a gwada ɗaya, wanda bai san haruffa ba a yi masa da allon harafin E ya riƙa nuna inda ƙafafun suka fuskanta. Duk wanda ya kasa layin 6/12 a tura shi wurin masu auna ido. Kunne ya fi wuya, domin yaron da ruwa ya taru a bayan dodon kunnensa yana jin ka in kana gabansa, amma daga bayan aji mai yara hamsin da ƙarar titi rabin magana yake tsinta. Raɗa a kunne ba gwaji ba ne, a kai shi sashen kunne na Komfo Anokye a auna da na'ura. Akwai kuma wata farfaɗiya da ba ta kayar da yaro: ya ƙura ido ya yi shiru na daƙiƙa goma ko makamancin haka, ya dawo kamar ba a yi komai ba, sau da yawa a yini. Malami ya ce mafarkin ido biyu yake yi, gida a ce iska ce. Wannan ta likita ce, kuma tana jin magani.

Bayan wannan masanin zai shiga aji ya zauna a baya. Hanya mai sauƙi ita ce minti 20, duk bayan daƙiƙa 30 ya ɗaga kai ya yi alama ko yaron yana kan aikin da aka ba shi ko a'a, yana kuma yi wa wani yaro na daban a ajin alama don kwatance. In yaron da ake kuka da shi yana kan aiki rabin lokaci, abokin kwatancen ma rabin lokaci, to matsalar ta darasin ce. A maimaita a darasi biyu ko uku, har da ajin Arabiyya. Ga masu rigima kuma ana ajiye takarda mai gida uku na sati biyu: me ya faru gab da abin, me yaron ya yi, me ya biyo baya. Sau da yawa a nan ake gano cewa kullum sai an ce a karanta da ƙarfi yake tsokanar na kusa, a kore shi waje, ya tsira daga kunyar karatu. Kun ga korar da malami ke ɗauka horo ce ita ce ladan da yaron ke nema.

Maganar yaran aji huɗu da ba su iya karatu, Alhaji, kada ku ɗauka duk masu lalura ne. Gwajin karatun ƙananan azuzuwa da aka yi a makarantun gwamnatin Ghana a 2013 da 2015 ya nuna kimanin 2 cikin 100 ne kawai na 'yan aji biyu ke karatu a sarari suna fahimta. Inda haka take, yawancin marasa karatu ba a koya musu yadda ya kamata ba ne. Saboda haka sai a fara koyarwa a ga wanda ya motsa. A auna kowane yaro: sautin haruffa nawa ya sani, kalma nawa yake karantawa daidai cikin minti ɗaya. A haɗa su uku zuwa biyar masu mataki ɗaya, minti 30, sau huɗu a sati, sati 10 zuwa 12, ana koyar da sautin harafi da haɗa sauti, ba haddar kalma ba. Duk sati biyu a sake aunawa a rubuta. Mafi yawa za su tashi. 'Yan kaɗan da suka zo kullum, aka koyar da su da kyau, amma lambarsu ta ƙi motsi, su ne ake yi wa cikakken gwaji.

Ƙarshen aikin rahoto ne da tsarin koyarwa na yaro shi kaɗai, mai buri biyu ko uku da ake iya aunawa da ranar sake dubawa. Rahoton da malamin aji ya karanta bai san abin da zai yi gobe da safe ba, kuɗinku ne ya tafi a banza.

Abu Fatima, Madina

Malama ta gama da aikin, Allah ya saka. Ni bari in ɗauki takardu.

Dokar ita ce Act 857 ta 2013, wadda ta kafa Ghana Psychology Council. Duk mai kiran kansa masanin halayyar ɗan Adam yana duba mutane a ƙasar nan, a asibiti ne ko a makaranta, sai ya yi rajista da wannan majalisa ya karɓi lasisi, lasisin kuma sabunta shi ake yi, ba na har abada ba ne. Majalisar tana da matakai. Cikakken masani sai da digiri na biyu aƙalla a wani reshe na fannin, da horon aiki a ƙarƙashin kulawar wanda ya riga shi. Mai digiri na farko matsayin mataimaki yake samu, yana aiki ne a ƙarƙashin mai lasisi. Akwai kuma matakan masu ba da shawara da ke ƙasa da haka. Don haka tambayar ba "kana da lasisi?" kaɗai ba ce. A ce ya kawo shi a gani: wane mataki, wane reshe, yaushe zai ƙare. Sannan ku tuntuɓi majalisar da kanku ku tabbatar da sunan.

Mutanen da ke yin wannan aiki a makarantun Ghana ta ƙofofi daban-daban suke shigowa. Wasu sun yi digiri na biyu a halayyar koyo da koyarwa, ko awo da tantancewa, a Cape Coast. Wasu sun yi reshen asibiti ko na ba da shawara a Legon. Winneba kuma ta yi suna a ilimin yara masu bukata ta musamman. Kowane da gurbinsa. Wanda ya fito ta reshen asibiti ya iya gwaji da gano lalura, amma wataƙila bai taɓa tsayawa gaban aji mai yara hamsin ba, sai ya rubuta shawarar da ba ta yiwuwa, kamar a ce malami ya zauna da yaro shi kaɗai awa guda kullum. Wanda ya fito ta koyarwa ya san aji, amma sai an bincika ko an horar da shi kan gwaje-gwajen basira hannu da hannu, ba a littafi kawai ba.

Abin da waccan uwa ta faɗa akwai gyara. A Ingila sai an yi digiri na uku na shekara uku an yi rajista da HCPC, hukumar da ke yi wa ma'aikatan lafiya rajista a can, kuma yawancinsu ƙaramar hukuma suke yi wa aiki, mutum ɗaya yana zagaya makarantu da dama. A Amurka ana neman karatu sama da digiri na biyu da horon aiki na awa 1,200, rabinsa aƙalla a cikin makaranta. Ƙungiyarsu ta NASP tana ba da shawarar masani ɗaya ga ɗalibai 500, amma yawancin jihohi ba su kai ga haka ba. Wanda ya zo muku da takardar waje, GTEC, hukumar kula da manyan makarantu ta Ghana, ita ce ke tantance takardar, kuma duk da haka sai ya yi rajista a nan. Lasisin Landan ba ya aiki a Aboabo.

A tsarin GES, wato hukumar ilimi ta Ghana, kuwa, abin da aka fi sani shi ne jami'in ba da shawara, tun umarnin 1976 da ya shigar da shi makarantun sakandare. Ofisoshin ilimi na gundumomi suna da mai kula da ba da shawara da mai kula da ilimi na musamman. Ku je ofishin ilimi na gundumarku, Asokore Mampong, ku san su, domin manufar ilimin haɗaka ta 2015 ta shafi makarantu masu zaman kansu ma.

Ga ra'ayina kan mutanenku. Malamar nan ku ɗauke ta, in lasisinta na koyarwa daga National Teaching Council da rajistarta da majalisar masana halayya suna nan daidai. Amma ku kira ta da sunan aikinta, jami'ar ba da shawara da tallafin koyo. Ita za ta riƙe koke, tarihin iyaye, lura a aji da ƙananan rukunonin karatu. Saurayin zai yi amfani a matsayin mataimakinta wajen awon minti ɗaya da ajiye bayanai, in aljihu ya ɗauka, amma kada ya sa hannu a rahoton da ke cewa yaro yana da lalura kaza. Cikakken gwaji ku ƙulla da mai cikakken lasisi ya riƙa zuwa lokaci-lokaci.

A wurin ganawa kada ku tsaya kan "faɗa mana tarihinka". Ku ba shi misali: yarinya 'yar shekara 9, aji uku, Hausa a gida, ba ta karatu, ba ta magana a aji. In ya fara da sunan gwaji ko sunan cuta, ku yi hattara. In ya fara da tambayar ido, kunne, zuwa makaranta da harshe, ya san aikin. Ku nemi ya nuna tsohon rahotonsa da aka goge sunan yaro. Wanda ya miƙo muku rahoto da sunan ɗan wasu a kai, haka zai yi da naku.

Ɗan Kwamiti, Aboabo

Na gode ƙwarai, Malama da Malam Abu Fatima. Amma ba wanda ya taɓa maganar mai kwamfuta, kuma wasu 'yan kwamiti shi suka fi so, wai aƙalla za a san masu ƙwaƙwalwa da marasa ita a raba aji. Akwai illa?

Mai Awo, Nima

Akwai, Baba, babba ma. Ku sallame shi cikin mutunci.

Gwajin basira na gaske, irin WISC-V, na yara ne daga shekara 6 zuwa ƙarshen 16, kuma yaro ɗaya ake yi wa a lokaci guda, a ɗaki shiru, sama da awa ɗaya, ban da lissafin maki da rubutu. Kamfanin da ke buga shi ma ba ya sayar wa kowa sai mai takardar ƙwarewa. Yara 600 cikin kwana biyar yara 120 ke nan a yini. Ku yi lissafin da kanku.

Ko da mai lasisi ne ya zo da gwajin na asali, akwai inda ake zamewa, kuma yaranmu na Zango ya fi shafa. Makin gwajin kwatance ne. Ana cewa 100 ne tsakiya, yawancin yara suna tsakanin 85 da 115, amma yaran da aka auna aka samo wannan tsakiyar su wane ne? A bugun Amurka yara 2,200 ne na can, masu Turanci. To ɗauki ɗan Aboabo. Hausa a gida, Twi a titi, Larabci a allo, Turanci a littafi. Hausa kuma ba ta cikin harsunan da gwamnati ke koyarwa da su a makarantu, don haka ko a ƙananan azuzuwan da ake cewa a fara da harshen gida, shi da harshen wasu yake farawa. Bincike kan yara masu koyon harshe na biyu ya daɗe da nuna cewa hirar yau da kullum tana samuwa cikin shekara biyu, amma harshen karatu yana ɗaukar shekara biyar zuwa bakwai. Sai ka tambayi ɗan shekara 8 ma'anar kalmar Turanci, ko me ya haɗa abu kaza da abu kaza da bai taɓa gani ba, ya yi shiru, ka rubuta 68. Turancinsa ka auna.

Fassara tambayoyin nan take zuwa Hausa ba ta gyara komai, domin kalma mai wuya a Turanci tana iya zama mai sauƙi a Hausa, ma'aunin ya rushe. Gwaje-gwajen zane marasa magana, irin Raven mai launi da ke da tambaya 36, sun fi dama, amma su ma yaron da ya saba da wasan haɗa hoto da takarda da fensir yana cin riba. Masanin kirki yana amfani da su, sai dai yana rubuta maki a matsayin tazara, misali 74 zuwa 84, yana faɗin harshen da aka yi gwajin da shi da mutanen da aka kwatanta yaron da su. Kuma ba a maimaita gwaji ɗaya kafin shekara ta zagayo, domin yaro yana tuna tambayoyin makin ya hau.

Ba a cewa yaro yana da raunin basira da maki kaɗai. Sai makin ya sauka wajen 70 ko ƙasa, kuma a ga rauni a rayuwar yau da kullum, kuma abin ya faro tun yana ƙarami. Yarinyar da ake aika Kasuwar Asawase ta sayo kaya huɗu, ta yi ciniki da Twi, ta kawo canji daidai, ta yi wa ƙanenta wanka, in takarda ta ce basirarta ta yi ƙasa sosai, takardar ce abin tuhuma.

Ga matsalar karatu ta musamman, wadda ake kira disleksiya, makarantarku tana da wata dama da sauran ba su da ita. Lalurar tana cikin yadda ƙwaƙwalwa ke rarrabe sautin magana, don haka tana bayyana a kowane harshe. A gwada yaron da Hausa da baki: faɗi "tabarma" ba tare da "ta" ba, wane sauti ne a farkon "rago". A kuma tambayi malamin Arabiyya, amma a kula, hadda tana rufe matsalar. Yaro yana iya zuba sura yana bin layi da yatsa alhali ba karantawa yake yi ba. A buɗe masa shafin da bai taɓa haddacewa ba, mai wasali. In ya haɗa baƙi da wasali lafiya a Larabci amma ya kasa a Turanci, ku duba yadda ake koyar da Turancin. In ya kasa a duka biyu bayan an koyar da shi da kyau wata shida, to akwai abin bincike.

ADHD, wato lalurar rashin natsuwa da yawan motsi, ita ma haka. Ƙa'idar ita ce alamomi shida cikin tara na rashin natsuwa ko na yawan motsi, na tsawon wata shida, sun fara kafin shekara 12, kuma ana ganinsu a wuri biyu aƙalla. Wanda ke birkita ajin Turanci amma ya zauna tsaf awa biyu a gaban malamin allo da kuma gida bai cika ƙa'ida ba.

In kwamiti na son abin da za a yi wa yara da yawa, akwai takardar SDQ mai tambaya 25 da malami ko iyaye ke cikewa cikin minti biyar zuwa goma. Tana nuna wa za a ƙara dubawa, ba ta yanke hukunci. Raba aji kuwa zuwa masu ƙwaƙwalwa da marasa ita, a unguwar da kowa ya san gidan kowa, kafin la'asar sunan ya bi yaro gida, ya kuma bi shi har girma.

Anti ta Sawaba

Abu ɗaya ba a taɓo ba, shi ne sirri da iyakarsa, kuma a nan makarantu masu zaman kansu suka fi samun rikici da wanda suka ɗauka.

Fayil ɗin yaro ba na ofishin hedimasta ba ne. A ajiye shi a akwati mai makulli a ɗakin jami'ar, na kwamfuta a sa masa kalmar sirri, kuma kada a taɓa tura rahoto ko hoton yaro a zauren WhatsApp na malamai. Dokar kare bayanai ta 2012, Act 843, ta hau kan makaranta kamar yadda ta hau kan banki. Malamin aji shawarwarin koyarwa kawai yake bukata, ba labarin auren iyayen yaro ba. Mai makaranta kuma adadi zai samu duk ƙarshen zangon karatu: yara nawa aka gani, nawa aka tura asibiti. Alhaji, ku rubuta wannan a takardar ɗaukar aiki tun yanzu, domin ranar da wani babba a kwamiti zai ce a nuna masa fayil ɗin ɗan maƙwabcinsa tana nan zuwa.

Sirrin yana da iyaka, kuma ana faɗa wa yaro iyakar tun zaman farko: in akwai mai cutar da kai, ko kana shirin cutar da kanka ko wani, dole in faɗa wa wanda zai kare ka. Dokar yara ta 1998, Act 560, ta ɗora wa duk wanda ya san ana cin zarafin yaro ya kai rahoto ga ma'aikatar jin daɗin jama'a, fyaɗe da duka mai rauni kuma na DOVVSU ne, sashen 'yan sanda mai kula da cin zarafi a gida. Ba a sasanta wannan a zaure. Jami'ar ba 'yar sanda ba ce: ta rubuta kalmomin yaron yadda ya faɗe su, da rana da lokaci, kada ta yi ta maimaita masa tambaya ko ta sa masa magana a baki, domin hakan yana lalata shari'a. Ɗalibin da ya ambaci kashe kansa ba a barinsa shi kaɗai, a kira iyaye, a kai shi asibiti a ranar. Majalisar dokoki ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuka a 2023, don haka tsoron 'yan sanda ba hujjar ɓoyewa ba ce. Yarinyar da ta yi ciki kuma, ƙa'idar GES ita ce ta ci gaba da karatu ta dawo bayan haihuwa.

Ɗakin ganawa ya kasance mai taga ko ƙofa mai gilashi, a ga mutane ba a ji maganarsu. Wannan kariya ce ga yaro da ma'aikaci duka, iyayenmu kuma sun fi sakin jiki in mace ce ke ganin 'yan mata.

Da iyaye a yi magana da Hausa, kuma kada a buɗe da sunan lalura. Uwar da ta ji kalmar ƙwaƙwalwa hauka take ji, sai ta cire yaron ta kai shi wata makaranta a fara daga farko. In iyaye sun ce za su kai shi wurin malam a yi addu'a, ba a jayayya da su, a ce a haɗa da asibiti, kuma kada a dakatar da maganin farfaɗiya ko kwana ɗaya ba da izinin likita ba.

A tanadi jerin wuraren turawa tun kafin a bukace su. Komfo Anokye don ji, gani, farfaɗiya da lafiyar ƙwaƙwalwa. Garden City Special School a Asokore Mampong don masu raunin basira mai tsanani, makarantar kurame ta Jamasi, ta makafi a Akropong, da cibiyar tantance yara ta GES da ke Achimota a Akra. Ɗan JHS 3 mai bukatar manyan haruffa ko wani sauƙi a BECE, jarrabawar kammala JHS, a shigar da bayaninsa da takardar likita lokacin rajista da WAEC, ba satin jarrabawa ba.

Ɗan Kwamiti, Aboabo

Madalla. Tambaya ta ƙarshe: shi mai cikakken lasisin, sau nawa ya kamata ya riƙa zuwa? Albashinsa na wata ya fi ƙarfinmu.

Malama ta Asawase

Ba sai kun ɗauke shi na dindindin ba, Alhaji. Cikakken bincike na yaro ɗaya, daga ganawa da iyaye, lura a aji, gwaji, rubuta rahoto zuwa zaman bayani, ku ƙiyasta masa awa 8 zuwa 12. Wanda ke zuwa yini ɗaya a sati zai gama kamar yara takwas zuwa goma a zangon karatu, in an bar masa awa ɗaya duk zuwa ya zauna da jami'arku su duba fayiloli. Wannan ya ishe ku matuƙar ita ta tace yaran tun farko. Zangon farko ma kada ku kira shi don gwaji: a yi ido da kunne, a auna karatun aji biyu zuwa aji biyar, a fara rukunoni. Ku nemi makarantu biyu ko uku na kusa, Asawase ko Akwatia Line, ku haɗa kuɗi ku raba kwanakinsa. A yarjejeniya ku biya kan yini, kada ku biya kan kowane yaron da aka gwada, kuma ku sa sharaɗin rahoto ya fito cikin sati uku da gama gwaji.